Mun Tafi Hutu Da Muciya A Jaka

Duk shekara idan watan Yuli ya raba tsakiya, makarantu suka fara sallamar yara dogon hutu, zance ɗaya ne ke zagaya gidajen Sabo: bana ina za a kai su? Wasu su ce gida Arewa, wasu su ce Legas wurin 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba, wasu kuma su ce ai hutu na masu kuɗi ne, yara su zauna su yi ta zuwa Islamiyya har Satumba. Mu da muke wannan rubutu mu uku ne, matan aure, gida ɗaya muke haya a nan Sabon Ibadan, ƙofa na kallon ƙofa. Mun gwada hutu iri uku da ƙananan yara, kuma muna so mu faɗa wa 'yan uwa abin da idonmu ya gani, ko wata ta tsallake ramin da muka faɗa.

Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, kakanninmu fataken goro da shanu abin da suka sani da tafiya shi ne fatauci, ko aikin Hajji, ko ganin gida. A ce mutum ya ɗaure kaya ya biya kuɗin mota don kawai ya je ya huta, wannan sabon abu ne a wurinmu. Yaranmu ne suka kawo shi daga makaranta. Idan aka koma a watan Satumba malama ta ce kowa ya rubuta inda ya je hutu, 'ya'yan Yarbawa su yi ta lissafo wurare, namu su rubuta cewa sun je shagon babansu. Ranar da babbar 'yar gidanmu ta dawo tana kuka a kan haka, ranar muka fara adashen hutu.

Kafin nan hutun da muka sani shi ne zuwa gida. Mazanmu kan ce babu hutun da ya kai shi sauƙi: ba kuɗin ɗaki, ba kuɗin abinci, kana sauka an ajiye maka fura da tuwo. Gaskiya ne, amma gaskiyar namiji ce. Daga nan zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato wuni ne da kwana a mota, ta Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, yaro a cinya, yaro a kafaɗa, wani na amai, wani na neman banɗaki a tsakiyar daji. Kafin a tashi an kashe kuɗin da ya fi na otal a tsaraba, don ba ka isa ka fito daga Kurmi hannu na dukan cinya ba: goro, manja, garin kwaki, doya, atamfar Inna, sabulun kishiyar Inna, takalmin 'ya'yan ƙanne. Idan aka isa, baƙuncin matar ɗa kwana ɗaya ne, in an yi mata kara biyu. Rana ta uku tana gaban murhun icce tana tuƙa tuwon mutum ashirin, hayaƙi na cin idonta, ido kuma na kanta a ga ko zaman Kudu ya sa ta manta aiki. Zumunci ne, kuma muna yin sa da zuciya ɗaya, har gobe ba za mu daina ba. Sai dai a kira shi da sunansa, a daina ce masa hutu.

To, da adashe ya zagayo a watan Agustan 2022, sai muka ce a je Legas yara su ga teku. Mazan suka zauna da biro da takarda. Alhaji, mijin Yayarmu, ɗan canji ne, lissafi ba ya kuɓuce masa. Ya ce otal asara ce: ɗaki uku, abinci sau uku, baki goma sha huɗu, kuɗin ba zai wuce kwana biyu ba. Amma akwai gidajen nan da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki, da gado da kujeru da kicin da firij, a can wajen Lekki. In muka kama ɗaya mai ɗaki uku, muka tafi da kayan miyarmu, kwana biyar cif za mu yi, har da canji. Ga shi za mu ci abin da muka san asalinsa, ba mai ba mu naman da ba mu san wanda ya yanka ba. Muka ji magana ta hau, muka ce madalla. Mu da kanmu muka fi kowa murna.

Da daren tafiya da kun ga tsakar gidanmu sai ku ce tashi za mu yi. Garin tuwo, shinkafa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man gyaɗa, gasarar koko, kanwa, katan ɗin Indomie, madarar goyo, famfas. Maman 'yan biyu ta ɗauko muciya za ta tura a jakar bakko, sai Yaya ta ce, "Haba ƙanwata, hutu fa za mu je." Ta ce, "Yaya, bar ni da ita, ban yarda da kicin ɗin da ban gani ba." Ashe ita ce mai hangen nesa a cikinmu.

Tafiyar kam ta yi daɗi. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021 muka hau daga tashar Moniya zuwa Ebute Metta, wajen awa biyu da rabi, yara na leƙen taga suna ihu. Da muka hau doguwar gadar nan ta Third Mainland suka ga ruwa hagu da dama, autan Yaya ya tambaya ko an iso tekun ke nan. Iyakar hutun da muka samu a wannan tafiya ke nan, domin daga shigarmu gidan muka san mun ɗebo ruwan dafa kanmu.

Gida ne mai kyau, ba mu ce ba, an share an goge, har da labule mai hawa biyu. Amma an shirya kicin ɗin ne don mutum biyu masu soya ƙwai su sha shayi. Tukunya biyu ce, shafal kamar gwangwani, babbar ba ta cin shinkafa rabin mudu. Faranti shida, cokali shida, wuƙa ɗaya da ba ta yanka ko tumatir. Mu kuwa manya shida, yara takwas, babbarsu shekara tara, ƙaraminsu goyon wata takwas. Tuwon dare sai da aka tuƙa shi sau uku a jere, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya nuna. Abinci kuma sai dai a ci kashi-kashi: yara su ci, a wanke faranti, maza su ci, a wanke faranti, sannan mu. Daga baya da muka zauna muka buga lissafi, girki goma sha biyar muka yi a kwana biyar, an zuba faranti 210 an wanke shi. Ban da kunun goyo, ban da Indomien tsakar dare, ban da wanda zai ce shi ba ya son miyar kuka sai an soya masa ƙwai.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, a gida girki yana da mataimaka da ba ma ganinsu sai ranar da suka ɓace. A Sabo in albasa ta ƙare yaro za ka aika bakin layi. In gas ya ƙare maƙwabciya ta ara miki risho ko gawayi. Mahaucinki ya san ki, ya san irin tsokar da kike so. Da safe in kin makara ga mai koko da ƙosai, ga mai waina, naira kaɗan ta fitar da ke kunya. Yaro in ya dame ki sai ki tura shi ɗakin wata. A can kuwa gida ne cikin katanga, maƙwabci bai san ki ba, ba ya ma son jin kukan yaranki. Rana ta biyu gas ya ƙare miya na kan wuta, sai da Baban 'yan biyu ya yi awa biyu a gosulo kafin ya dawo da shi. Naman da ke manyan kantunan kusa a naɗe yake cikin leda, ba wanda za ka tambaya wa ya yanka, dole sai da aka nemi 'yan uwanmu mahauta a kasuwar Ajah. Tumatir da attarugu kuwa da aka faɗa mana kuɗinsu sai da muka tuna Bodija da alheri. Canjin da Alhaji ya ce zai rage, a nan ya narke.

Mazan ba mugunta suka yi mana ba, wannan dole mu faɗa. Kullum da hantsi sukan kwashi manyan yaran su fita da su, wai don su rage mana hayaniya. Su suka je bakin teku, su suka je wurin nan na Lekki da birai ke yawo a kan bishiya, su suka sha iska. Mu aka bar mu da goyo da 'yan biyu masu shekara uku da tukwane. In sun dawo da la'asar a gajiye, yara jiƙe da yashi har cikin kunne, sai wanka, sai wankin kaya, sai tambayar da kowace mace ta sani: "Me aka dafa?" Da daddare su zauna a falo Alhaji na ba su labarin Bar Beach ta da, wadda ake shiga ba ko kwabo kafin a cike wurin a fara gina Eko Atlantic, mu muna jiyo su daga kicin muna kankare ƙanzo.

Teku dai mun gan shi, ranar ƙarshe, bayan mun gama haɗa kaya mun goge kicin ɗin mutane don kada a riƙe kuɗin ajiya. Aka biya kuɗin shiga, muka tsaya da hijabanmu iska na kaɗa su, ba mu kai awa ɗaya ba aka ce a zo a tafi kada jirgi ya wuce. A cikin jirgi Maman 'yan biyu ta yi barci tun kafin a bar Agege, ba ta farka ba sai Moniya. Da muka iso gida Hajiya Babba mai gidanmu ta tare mu a zaure ta ce, "Sannunku da hutawa, 'yan nan." Muka dubi juna, dariya ta ƙwace mana, irin wadda ta fi kuka ciwo. Yaya ta ce, "Hajiya, ba hutu muka je ba, murhu muka kai yawon buɗe ido."

A 2023 ba mu je ko'ina ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu komai ya tashi, kuɗin adashe ya tafi a kuɗin makaranta da buhun shinkafa. Sai a 2024 maganar ta sake tasowa, wannan karon Abeokuta, tunda tana kusa kuma jirgin yana tsayawa a can. Alhaji ya sake ɗauko biro da takarda. Ya ce kuɗin da ke hannu zai kama gidan haya na kwana shida, in kuwa otal ne da abinci sau uku, kwana uku kacal. Ya jero layin ɗaki, layin mota, layin cefane, layin gas, ya ja layi a ƙasa ya ce kowa ya ga bambanci. Yaya ta karɓi takardar ta duba sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, lissafinka daidai ne. Amma a wane layi ka rubuta mu?" Ya ce kamar yaya? Ta ce, "Mai girki uku, mai wanke-wanke uku, daga asuba zuwa sha ɗayan dare, kwana shida. In hayar su za ka yi nawa za ka biya? Saka shi a ciki, sannan mu ga wanne ya fi araha." Tsakar gida ta yi tsit. Can Baban 'yan biyu ya yi dariya ya ce, "Alhaji, yau an yi maka canjin da ba ka da shi a allo." A nan aka tsayar da magana: kwana uku, otal, ba mai kunna wuta.

Ba mu tafi da ka ba. Kafin a biya ko sisi sai da ɗaya daga cikin mazan ya je ya ga wurin, ya yi ciniki a kan kwana da abinci a haɗe, domin yawancin otal-otal ɗinmu karin kumallo kawai suke haɗawa da kuɗin ɗaki, sauran sai an yi magana. Ya shiga har kicin ya tambayi inda suke sayen nama, ya tabbatar ba a dafa alade a wurin, ya roƙi a ba mu ɗakunan da ke nesa da inda ake shaye-shaye da kiɗan dare. Wanda zai kai iyalinsa irin wannan wuri kada ya ji kunyar waɗannan tambayoyi. Kuɗinsa zai biya, kuma cikin 'ya'yansa ne.

Shi ma wannan yana da nasa ciwon kai. Na farko, otal da agogo yake aiki, cikin yaro kuwa bai san agogo ba. Namu da an sallame sallar asuba suke fara neman abin tsoma baki, su kuwa sai wajen takwas ake fito da karin kumallo. Na dare kuma kafin ya iso ƙananan sun yi barci, sai su farka ƙarfe ɗaya suna kukan yunwa an rufe kicin. Na biyu, yaji. Mu manya mun saba da miyar Yarbawa, amala da ewedu ba baƙonmu ba ne, amma 'yan biyu cokali ɗaya suka kai baki suka fara hawaye, kwana ukun nan a burodi da shayi da farar shinkafa suka yi shi, alhali an biya musu kuɗin cikakken abinci. Na uku shi ya fi damun mu: ganin faranti na komawa da abinci a zubar. Mu da muka saba tuwon da ya kwana ya zama ɗumame da safe, abin ya tsaya mana a rai. Rana ta biyu muka samu matar da ke shugabantar kicin ɗin, wata dattijuwa, muka ce, "Iya, don Allah a rage wa yara, a ɗebar musu miya kafin a zuba attarugu." Ta ce ai da mun faɗa tun jiya. Da safe sai ga ogi da akara, wato kokonmu da ƙosanmu da wani suna, yara suka shanye tas.

Amma duk da haka, jama'a, mun huta. Da farko ma ba mu iya ba. Ranar da muka sauka, ana gama cin abinci Maman 'yan biyu ta miƙe ta fara tattara faranti, sai da yarinyar da ke hidima ta karɓe a hannunta tana dariya. Hannu ya saba, bai san zama ba. A wannan tafiyar ne muka ci abinci da zafinsa, a zaune, tare da kowa, ba a tsaye a bakin tukunya ba. Muka yi barcin rana daga azahar zuwa la'asar, abin da wata a cikinmu ta ce rabonta da shi tun kafin haihuwar fari. Muka hau dutsen Olumo da ƙafafunmu, yara na gaba muna biye, mai yi mana jagora na nuna mana kogon da Egbawa suka ɓuya a zamanin yaƙe-yaƙe, yana cewa sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Daga sama muka hango kogin Ogun da jajayen rufin kwanon garin. Da muka sauko muka shiga kasuwar Itoku muka taya adire, muka yi ta kwatanta shi da rinin Ƙofar Mata. Hoton da aka ɗauka a saman dutsen nan shi ne hoton hutu na farko da mu ma muke ciki.

Wani abu kuma da muka lura, da girki ya fita daga wuyanmu sai faɗa ya ragu. A Legas ba ranar da ba mu daka wa yaro tsawa ba, ba don ya yi wani babban laifi ba, sai don ya zo da tambaya lokacin da mai ke kan wuta. A Abeokuta mun sami sararin sauraron shirmensu. Har mazan sun shaida, ɗaya ya ce ashe matarsa ta iya ba da labari haka. Ta ce, "Malam, da ma na iya, lokacin ne babu."

Kada kuma a ɗauka kuɗin otal yana sayen komai. Tukunya kawai yake ɗauke miki. Wankan yara, canjin famfas, tashin dare, bin mai rarrafe kada ya faɗa matakala, zazzaɓin da ya kama ɗaya daga cikin 'yan biyu a dare na biyu, duk suna nan, babu otal ɗin da ke haɗa su a lissafi. Wannan sai dai uba ya sa hannu, kuma a wannan karon sun sa, tunda ba su da hujjar cewa za su fitar da yara don mu samu mu yi girki.

To da za a tambaye mu wanne ya fi, amsarmu ita ce ya danganta da shekarun yaran da kuma wanda zai tsaya a kicin. In yara sun tasa, suna iya wanke kwano su yanka albasa, kuma maigida ya yarda a raba kwanakin girki da shi ko a riƙa sayowa daga waje, gidan haya ba laifi, ya ma fi sakewa. Amma in akwai goyo da 'yan ƙasa da shekara biyar, gara kwana uku ba girki da kwana shida a gaban wuta. Araha ba ta ado. Ko otal ɗin za a je, a tafi da fulas na ruwan zafi, da garin kunu, da dambun nama ko kilishi, da ɗan biskit saboda asuba da tsakar dare. A tambayi ko ana rage kuɗin ƙananan yara, a yi maganar yaji tun ranar farko. In kuwa gidan haya ne dole, a sa a turo hoton kicin da tukwanen kafin hoton falo, a tambayi gas da ruwa da wuta, a san nisan kasuwa.

Mun san da yawa a unguwar nan ba su da halin ko ɗaya daga ciki, mu ma shekara biyu muka yi muna tarawa kafin mu sake fita. Amma abin da muka gano ba sai an bar Ibadan ake samun sa ba. Ga Agodi Gardens nan kusa da mu, ga gidan namun daji na Jami'ar Ibadan. Maigida ya ware rana ɗaya a cikin hutun nan, ya ce yau ba a kunna wuta a gidan nan, ya sayo waina da safe, a fita da yara gaba ɗaya har da uwarsu, a dawo da tsire da burodi da daddare. Ba zai kai kuɗin tsarabar mutum biyu ba. Sharaɗin kawai kada a ce mata ta tashi da asuba ta dafa jalof ɗin da za a tafi da shi a kula, don in aka yi haka an koma gidan jiya.

Iyayenmu maza da ke zama a majalisa bayan isha'i, ga abin tattaunawa mun kawo muku. Bana in an ɗauko biro za a yi lissafin hutu, a bar layi ɗaya a rubuta uwar yara. Mu dai adashenmu na nan yana tafiya, kuma mun riga mun yi alkawari a tsakaninmu cewa duk inda za a je, muciya tana nan rataye a ƙusarta sai mun dawo. Allah ya raya mana zuri'a, ya hore wa mazajenmu abin yi mana hidima, ya kai mu hutun lafiya.